Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Gurbi a Jami'a, Tun Daga Tunanin Farko Har Zuwa Turawa

Duk takardun da ke cikin dosiyen ɗalibin da ke neman jami'a ko burs, wani ne ya rubuta su a kansa. Takardar haihuwa daga ma'aikatar magajin gari ta fito, ta zama ɗan ƙasa daga kotu, maki na malamai ne, ta lafiya kuwa likita ya sa mata hannu. Takarda ɗaya tak ce ɗalibi ke buɗe baki ya yi magana da kansa, wato wasiƙar da yake faɗin ko shi wane ne, me yake son karantawa, kuma don me za a ɗauke shi a bar wani. Masu aiki da Faransanci suna ce mata lettre de motivation, a Ingila kuma personal statement.

Abin da ke damuna a nan Maradi shi ne yadda muke raba ƙarfinmu. Yaro zai yi mako biyu yana hawan kabu-kabu tsakanin wurin fotokofi da wurin buga hatimi, amma wasiƙar sai daren ƙarshe, ya shiga siba ya ce wa mai shago ya fiddo masa irin wadda aka yi wa abokinsa, a canza suna kawai. Alhali masu tantancewa suna da ɗaruruwan yara masu maki kusan iri ɗaya a gabansu, kuma sau da yawa wannan shafi guda ne ke raba gardama. Saboda haka, ƙannena 'yan tarminal da waɗanda suka riga suka ci bak, mata da maza, ga yadda za ku bi aikin daki-daki.

Fara sanin wa ke tambaya, kuma me ya tambaya

Idan jami'o'in gwamnati na cikin gida ka nufa, kamar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan garin ko Abdou Moumouni ta Yamai, sakamakon bak da serin da ka yi su ne ke da babbar magana a shekarar farko. Wasiƙar tana shigowa da ƙarfi ne idan ka nemi makaranta mai zaman kanta, ko mastar, ko karatu a waje. Kuma kada a rikita ta da takardar roƙo ta hannu da ake manna wa tambur, wadda ke farawa da "J'ai l'honneur de venir très respectueusement". Waccan layi biyar ce ta ladabin ofis, kowa iri ɗaya yake rubutawa, haka ma ake so. Wadda muke magana a kai aikinta daban ne.

Kowace ƙofa da irin abin da take nema. Jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci sun fi son jin tsarin karatunka da tsarin sana'arka: me ka karanta, me kake son ɗorawa, wane aiki kake hange. Burs ɗin gwamnatin Turkiyya, wanda yawanci ake buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, yana tambayar dalilin zaɓen fannin, dalilin zaɓen Turkiyya, da abin da za ka yi bayan ka gama. A Birtaniya ana bi ta UCAS, wato shafin intanet guda da ake neman jami'o'insu ta cikinsa, iyakar rubutun haruffa 4000 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ga masu shiga daga 2026 an raba shi tambayoyi uku: me ya sa kake son fannin, yaya karatunka ya shirya ka, sannan me ka yi a wajen aji da ya ƙara maka shiri. A Amurka, jami'o'i fiye da 1000 suna karɓa ta Common App, wato fom guda na intanet da suke amfani da shi tare, inda ake son kalmomi 250 zuwa 650 a kan ɗaya daga cikin batutuwa bakwai, kuma su halinka da yadda kake tunani suka fi son gani. Shirin tallafin Gidauniyar Mastercard, da ake nema ta jami'o'in da ke haɗin gwiwa da ita irin su Ashesi da KNUST a Gana, yana duba ƙwazo, da buƙata, da abin da ka riga ka fara yi wa jama'arka.

To, kwafe tambayar kalma da kalma a saman shafin kaye, ka rubuta iyakar kalmomi ko haruffa, da ranar rufewa. Kafin ka zuba ƙarfinka a kan wata ƙasa, bincika halin da biza ke ciki, domin tun 2023 al'amura sun sauya sosai tsakanin Nijar da wasu ƙasashe, musamman Faransa da Amurka. Ka riƙa bin sanarwar ANAB kuma, wato hukumar Nijar mai kula da burs, ita ke shelar guraben da ƙasashe ke ba Nijar.

Maganar lokaci gajeriya ce. Yawancin ƙofofin waje suna rufewa tsakanin Oktoba da Fabrairu, wato tun kana cikin tarminal, bak bai zo ba. Wanda ya ce sai ya ga sakamako zai fara, sau da yawa shekara guda ta wuce shi. Ba wa kanka aƙalla mako shida, kuma hutun damina kafin shiga tarminal shi ya fi dacewa da fara tunani.

Tono abin da za ka faɗa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawa ke tsallakewa. Kada ka fara da rubuta wasiƙa. Ɗauki kwana uku ko huɗu kana amsa wa kanka tambayoyi a kaye, da kowane harshe ya zo maka. Wane aiki ne a gidanku idan ba ka nan yake tsayawa? Wane abu ka taɓa gyarawa da hannunka? Wace tambaya ce ka yi wa mushe a aji, amsar ba ta gamsar da kai ba, ka ci gaba da nema? Yaushe ka taɓa canza ra'ayi a kan wani abu, me ya sa? Me kake yi tsakanin la'asar da magariba? Wa ka taɓa koya wa wani abu har ya iya?

Da yawa daga cikin yaranmu idan aka yi masu waɗannan tambayoyi sai su ce ba su da komai, don suna ganin sai wanda ya shugabanci kulob ko ya ci gasa yake da labari. Wannan kuskure ne babba. Yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashen mata ashirin tana da abin faɗa. Yaron da ya haddace izu talatin a makarantar allo kafin ya tafi lakwal da safe ya san wani abu game da horon kai da 'yan ajinsu na wata ƙasa ba su sani ba. Wanda ke kiwon jar akuya ya biya kuɗin littattafansa, wadda ta yi jinyar ƙaninta a likita lokacin da tamowa ta kama shi, wanda ya taimaka wajen kwashe kayan maƙwabta a ambaliyar 2024, duk suna riƙe da abin da mai karatu a Ankara ko Akara bai taɓa ji ba. Abin da ka saba da shi har ka daina ganinsa, shi ne sau da yawa ya fi daraja a takarda.

Daga cikin abin da ka tara, zaɓi guda ɗaya, ko biyu idan sun haɗu. Ma'aunin zaɓe uku ne: kai ne ka yi wani abu a ciki, ba kallo kawai ka yi ba, yana da alaƙa da fannin da kake nema ko da halin da fannin ke buƙata, kuma idan aka tsare ka da tambaya a kansa minti goma ba za ka rasa ta cewa ba.

Akwai abin da ke ɗaure mana hannu, dole a faɗe shi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaron kirki ba ya zama gaban manya yana "ni na yi, ni na yi". Tarbiyyar gaskiya ce, ba na son kowa ya yar da ita. Mafitar ita ce ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin aikin. "Ni mai ƙwazo ne, mai haƙuri, mai son ci gaba" yabon kai ne, kuma ba ya gamsar da kowa, don kowa haka yake rubutawa. Amma "shekara biyu ina tashi kafin asuba in shayar da fadamar zogalen babana a Jiratawa kafin in kama hanyar lise" ba yabo ba ne, labari ne, mai karatu da kansa zai yanke hukuncin ƙwazon. Ke kuma ƙanwata, na san kunyar ta fi nauyi a kanki, har kina ganin aikin gida bai isa a ambata ba. Ambace shi da lamba da lokaci. Mutum nawa kike dafa wa, ƙanne nawa kike duba wa darasi, ƙarfe nawa kike samun zama da littafinki. Wanda ya ga makinki bayan ya san wannan, da wani ido zai dube shi.

Sai maganar talauci. Wasu suna cika shafin da kuka: mu talakawa ne, ƙasarmu na baya, ku taimaka mini don Allah. Na fahimci inda abin ke fitowa, kuma inda aka tambayi halin gida a faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi. Sai dai masu ba da burs sun san duk wanda ya nema yana da buƙata. Abin da ba su sani ba shi ne me ka yi a cikin wannan hali. Idan rashin wuta ne, faɗi yadda ka tsara karatunka da fitilar hannu ko ƙarƙashin fitilar titi. Idan rasuwar mahaifi ce, jimla biyu sun isa, sauran shafin ya tafi kan nauyin da ka ɗauka bayan nan. Rubuta da mutuncinka.

Faɗe shi da Hausa tukuna

Wannan dabara na fi yarda da ita fiye da kowace. Idan ɗalibinmu ya zauna zai rubuta da Faransanci kai tsaye, sai ya koma rubutun disertasiyo: jimloli dogaye, kalmomi manya, shi kansa ya ɓace a ciki. Amma ka ce ya ba ka labarin da baki, sai ka ji mutum mai rai da hankali. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka samu aboki ko yayarka, ku zauna, ka danna rikodin a salula, ka ba shi labarin da Hausa kamar kuna hira a dandali. Shi kuma ya riƙa katse ka: sai me ya faru, me ka ji a ranka, me ya sa ka yi haka ba ka yi kaza ba? Minti goma sha biyar sun isa. Daga baya ka saurara, ka rubuta jimlolin da suka fi ƙarfi. Ba fassara kalma da kalma za ka yi ba. Abin da kake nema a ciki shi ne jerin tunanin da ƙananan bayanan da ba za su taɓa zo maka ba idan ka fara da harshen aji.

Gina wasiƙar

Gaɓoɓi huɗu ne, ko da yake ba dole su zo da tsawo ɗaya ba: abin da ya faru, abin da ka fahimta daga gare shi, dalilin zaɓen wannan fanni a wannan wuri, da abin da za ka yi da shi.

Buɗewa ita ce ta fi wuya. Rabin wasiƙun da ke fita daga garin nan da "Depuis ma plus tendre enfance" suke farawa, sauran kuma da zancen wani shahararren mutum ko da bayanin cewa Nijar ƙasa ce da ba ta da teku. Mai karatu ya ga irinsu har ya gaji. Shiga cikin zancen kai tsaye, da wuri da lokaci da aiki.

A ce wata ɗaliba ce 'yar seri D daga wajen Gidan Rumji, tana neman ilimin aikin gona. Rubutunta na farko zai iya cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasa kuma tana son ta yaƙi yunwa. Ba ƙarya ta yi ba, amma kowa zai iya sa hannu a ƙarƙashin wannan. Ga abin da zai fito idan ta tono:

"Kowace kaka mahaifiyata tana sayar da wakenta da arha, don ta san idan ta ajiye shi zuwa bazara ƙwari za su cinye. Da muka yi darasin numfashin halittu a aji, sai na tambayi kaina ko ƙwaron wake ma yana buƙatar iska. Na zuba tiya biyu a bido na toshe bakinsa da leda, na bar tiya biyu a buhu. Bayan wata biyu na ƙirga ƙwaya ɗari daga kowanne, na ware masu huji."

Daga nan sai ta faɗi abin da ta samu, da gaskiya, ko da gwajin bai fita yadda ta so ba. Ta faɗi yadda daga baya ta gano cewa a kan wannan hikima aka yi buhun PICS mai ninki uku, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aiki a kansa tare da na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, kuma iskar da ƙwarin ke shaƙa ce ke ƙarewa a ciki su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sannan ta kawo tambayar da ta rage mata: in dai dabarar tana aiki, me ya hana duk matan garinsu amfani da ita, tsada ce, ko rashin samu a kasuwar ƙauye, ko rashin yarda? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi duk wani kirari amfani, domin jami'a wurin masu tambaya ce, kuma ta nuna masu ta riga ta fara.

Ko a ce yaro ne ɗan unguwar Zariya da ke taya babansa zama a shago a babbar kasuwa, yana son karanta tattalin arziki. Ba sai ya je nesa ba. Ya ga abin da ya faru da farashi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ya sake gani a 2023 lokacin takunkumin CEDEAO, sa'ad da hanyar Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina ta tsaya. Ya san yadda faɗuwar naira a gaban sefa ke sauya wa ke zuwa sayayya wurin wa. Idan ya ɗauki kaya guda ɗaya na shagonsu, ya bi farashinsa daga littafin babansa, ya faɗi abin da ya ba shi mamaki, ya riga ya yi abin da ɗaliban shekarar farko ke koyo.

Masu neman likitanci su ne suka fi faɗawa cikin "ina son taimakon al'umma". Malamin makaranta ma yana taimakon al'umma, mai haƙa rijiya ma haka. Me ya sa likitanci? Idan ka taɓa bin masu rabon maganin rigakafin masassara ga yara gida-gida a damina, faɗi abin da wata uwa ta ce da ta ƙi karɓa, da yadda aka shawo kanta ko aka kasa.

Gaɓa ta biyu, wato abin da ka fahimta, a nan mutane ke gajartawa, kuma ita ce zuciyar wasiƙar. Labari kaɗai ba ya isa. Bayan kowane abu da ka ba da labarinsa, tambayi kanka: to sai me? Me ya canza a yadda nake tunani ko yadda nake aiki? Ka guji amsa mai sauƙi irin "na koyi cewa haƙuri yana da amfani". Nemi wadda ta keɓanta da kai. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na rubutun ya tafi a nan.

Gaɓa ta uku tana buƙatar bincike na awa ɗaya ko biyu a intanet. Buɗe shafin sashen da kake nema, karanta jerin darussan, ka zaɓi biyu da suka haɗu da tambayarka, ka ambace su da sunansu. Cewa jami'arku ta shahara a duniya ko ƙasarku tana da kyawawan al'adu ɓata wuri ne, sun san kansu. Gwaji mai sauƙi: idan za ka iya cire sunan makarantar ka sa na wata ba tare da jimlar ta lalace ba, ba ka rubuta komai ba tukuna. A lura da UCAS da babban rubutun Common App: rubutu ɗaya ne ke zuwa duk jami'o'in da ka zaɓa, don haka a can ba a ambatar sunan ko ɗaya. A Amurka sai a ƙananan tambayoyin da kowace jami'a ke ƙarawa ake yin wannan.

Gaɓa ta huɗu, bayan karatu. "Zan dawo in gina ƙasata" ya yi faɗi da yawa. Rage shi har ya zama abin da mutum ɗaya zai iya yi cikin shekara biyar. Mai son gona na iya maganar aiki da cibiyar binciken aikin gona ta Tarna, ko da manoman da ke sassaben zamani, dabarar barin kututturen itace su sake tohuwa a gona, wadda daga jihar Maradi ta bazu tun shekarun 1980 har duniya ta san ta. Mai son injiniyan ruwa na iya maganar Gulbin Maradi da unguwannin da ruwa ke ci duk damina. Ba alkawari kake ɗauka cewa rayuwa ba za ta sauya ba. Kana nuna cewa ka san wurin da ka fito, kuma ka yi tunani a kansa.

Idan akwai tabo a takardunka, kamar maimaita aji, ko cin bak a zagaye na biyu, ko shekarar da ka zauna a gida, kada ka yi shiru ka bar su su yi zato. Jimla biyu: abin da ya faru, da abin da ka gyara. Kada ka ɗora laifi a kan malami ko makaranta.

Harshe, da aikin ragewa

Rubutun farko ka sake shi ya yi tsawo, ko ya ninka iyakar da aka ba ka. Ajiye shi kwana biyu kada ka duba. Idan ka dawo, hatsi ne da aka sussuka, saura shiƙa: duk jimlar da wani ɗalibi zai iya rubuta irinta ƙaiƙayi ce, ta tafi. Haka duk abin da ke cikin sauran takardunka, kamar jerin makarantun da ka yi da makin kowace shekara, sai fa idan akwai abin da za ka ce a kansa. Sau da yawa sakin layi na farko gaba ɗaya share fage ne kawai, wasiƙar ta gaskiya a na biyu take farawa. Gwada cire shi ka gani.

Jimloli su zama gajeru. Kalmar da ba ka taɓa furtawa da bakinka ba, kada ka ɗauko ta daga ƙamus don burgewa. A Faransanci kula da daidaiton aikatau da jinsi da alamomin kan wasula, don kuskure uku a layin farko suna sa a karanta sauran da rabin zuciya. Idan da Ingilishi ne kuma Ingilishinka na lise ne, rubuta da sauƙaƙan kalmomin da ka mallaka. Wasiƙar da ta fi ƙarfin makinka na jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS nesa ba kusa ba tana jawo zargi. Kalmominmu irin su tiya, adashe, gayya ko fadama kana iya barin su yadda suke, ka bayyana su da 'yan kalmomi a cikin jimlar. Suna ƙara wa rubutun ƙamshin gida.

Sannan karanta da babbar murya. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda ka ji kunyar furtawa, akwai ƙari ko kwaikwayo a wurin.

Mutum biyu sun isa su duba maka. Na farko wanda ya san ka sosai, ka tambaye shi: wannan ni ne? Na biyu malamin Faransanci ko na Ingilishi, don nahawu. Ka je masa da wuri, da takardar a buge, ka ce, "Mushe, don Allah a ja mini layi inda ba a gane ba, ni zan gyara." Kada ka bar kowa ya sake rubuta maka, ko da ya fi ka iya harshe. Idan mutum biyar suka sa hannu, abin da zai fito mai santsi ne amma ba na kowa ba.

Kwafe, saye, da na'ura

Wasiƙar siba, da ta yayanka da ya samu burs bara, da wadda ke yawo a rukunin WhatsApp, duk ka bar su. UCAS tana da manhajar da ke gwada kowane rubutu da waɗanda aka taɓa turawa, kuma tana sanar da jami'o'i idan ta ga kama. Common App tana ɗaukar miƙa rubutun wani, ko wanda na'ura ta tsara, a matsayin naka a zaman maguɗi. ChatGPT da ire-irensa suna iya nuna maka kuskuren nahawu a rubutun da ka riga ka yi, amma idan ka ce su rubuta maka, za su ba ka abin da suka ba dubban yara, kuma ba su san bidon wakenki ko littafin shagon babanka ba. Bayan wannan duka akwai amana: ka sa sunanka a ƙasa, ka ce naka ne.

A kiyayi kuma masu cewa a ba su jika hamsin ko ɗari su samo burs. Neman burs ɗin Turkiyya kyauta ne a shafinsu na hukuma, kuma Gidauniyar Mastercard ba ta da dillalai masu karɓar kuɗi.

Turawa

Kada ka jira ranar ƙarshe. Wuta na iya ɗaukewa, rezo na iya yankewa, shafin kansa na iya cushewa saboda yawan jama'a, kuma agogon rufewa na ƙasarsu ne, ba namu ba. Sa wa kanka wa'adin kwana uku kafin nasu. Rubuta a Word ko a wani wuri da kake ajiyewa, sannan ka kwafa zuwa akwatin fom ɗin, ka duba ko ƙarshen bai yanke ba, domin yadda shafin ke ƙirga haruffa yakan ɗan bambanta. Idan fayil ake so, mayar da shi PDF, ka sa masa sunanka. Rubutun sunanka ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Mahamadou a wata takarda, Mamane a wata, yana iya tsayar da dosiye. Buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ka riƙa duba shi kullum. Idan wurare da yawa ka nema, duba sau biyu cewa sunan makarantar da ke cikin kowace wasiƙa shi ne na inda za ta. Idan a siba ka yi aiki, fita daga akawun ɗinka, ka goge fayilolinka daga kwamfutar kafin ka tashi.

Ajiye kofi ɗaya a imel, ɗaya a takarda. Yawancin manyan burs suna kiran waɗanda suka tsallake zagayen farko zuwa ganawa, ido da ido ko ta bidiyo, kuma daga cikin wasiƙarka za su ciro tambayoyi. Kafin ranar, sake karanta ta, ka ba abokin nan da ya yi maka rikodin da farko, ya yi maka tambaya a kan kowane sakin layi da harshen da za a yi ganawar, har sai amsoshin sun zauna a bakinka.